Gajimaren da Muke Bari Ya Wuce

Ranar da na fara aikin tuƙa jirgin da ke taimaka wa gajimare ya zubar da ruwa, tsohon matuƙin da aka haɗa ni da shi bai bar ni na taɓa komai ba. Muka tashi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai bayan azahar, muka yi gabas, ya ce in zuba ido kawai. Sa'a biyu muna kewaya gizagizai, sandunan gishiri da ake kunnawa su yi hayaƙi jere a bayan fukafukanmu, muka dawo ba mu kunna ko ɗaya ba. Raina ya ɓaci. A daminar nan hatsi ya fara lanƙwashe kai saboda fari a gonaki da yawa, ga mu da jirgi, ga mai, ga kayan aiki. Da muka sauka na ce, "Maigida, yau mun ƙone mai a banza." Ya ce, "Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Waɗannan babu komai a cikinsu."

Sai da damina ta yi nisa na gane maganarsa. Mutane suna cewa jirginmu yana kawo ruwa, amma ba mu taɓa yin ruwa ba. Abin da muke yi ƙarami ne. Mukan sami gajimaren da ke tasowa, mu shiga ƙarƙashinsa inda iska ke hawa, mu kunna sandunan. Hayaƙin gishirin ya bi iskar ya shige ciki, ƙwayoyinsa su janyo laima, ɗigon ruwa ya yi ƙiba, ya riƙa karo da ƴan uwansa har ya yi nauyin faɗowa. Akwai wata hanyar da ake bi ta sama, inda sanyi ya wuce na ƙanƙara, a zuba sinadarin azurfa da aidin. Asalinta daga Amurka ne: a 1946 Vincent Schaefer ya gwada da busasshiyar ƙanƙara, abokin aikinsa Bernard Vonnegut kuma ya gano amfanin sinadarin. Wasu ƙasashen Afirka sun daɗe a ciki. Maroko ta fara shirinta na Al Ghait a 1984, Burkina Faso ta bi da Saaga a 1998, Mali kuma da Sanji a 2006. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa matso ruwa daga sararin da ba girgije.

Zaɓen gajimare shi ne aikin, tuƙin kuwa kowane matuƙi zai iya. Mai rai kansa fari ne tas, gefensa a tsaye, yana kumbura kana gani kamar ƙullin da ya ji yisti, gindinsa a shimfiɗe da duhu. Idan ka shiga ƙarƙashinsa za ka ji jirgin yana son hawa da kansa, ba ka ƙara masa wuta ba. Wanda ya tsufa kuwa gefensa ya yage kamar tsumma, iskarsa ƙasa take yi. Tsakanin ƙuruciyarsa da tsufansa wani lokaci bai fi rabin sa'a ba. Shi ya sa nake girmama mai kallon na'urar rada a ƙasa. Namu ya yi karatu a EAMAC, makarantar nazarin yanayi da harkar jiragen sama ta nan Yamai, kuma muryarsa a kunnena ta fi mini idona amfani, musamman idan babban hadari ya taso daga gabas da jan bangon ƙura a gabansa. Irin wannan ba a tsokanarsa. Ba ya bukatar gishirinmu, yana kuma iya raba jirgi biyu.

Sau ɗaya na ƙi jin wannan murya, kuma har yau abin yana raina. Muna arewa da Illela, yankin da na san kwana ashirin bai ga ɗigo ba, domin ƙauyen mahaifiyata a nan yake. Mai rada ya ce girgijen ya fara mutuwa, mu juya. Na ce a'a, bari in gwada. Na kunna sanduna huɗu. Na ga zaren ruwa ya sauko, zuciyata ta yi fari, sai kuma ya ɓace a iska tun bai kai ƙasa ba, zafi ya shanye shi. Kafin mu juya iskar da ke faɗowa ta maka mu ƙasa da ƙarfin da ya sa na kama salati. Ƙaunar ƙauye ce ta rufe mini ido, na sa ran abokin tafiyata cikin haɗari, na kuma ƙone kayan da da sun yi amfani washegari. Da muka sauka na je na ba mai rada haƙuri a gaban kowa.

Abu mafi nauyi dai shi ne tambayar mutane. Bayan kaka na je Tawa, Kawu ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Ɗana, ruwan nan da ya ceci shibkarmu a watan takwas, naku ne?" Ranar da yake nufi mun tashi, mun kuma yi aiki a wannan yanki. Da na ce namu ne, da ya ji daɗi, ya kuma ba duk garin labari. Amma girgije ɗaya ba ya zuwa sau biyu, balle a gwada shi da gishiri a kuma gwada shi babu. Masana kansu sai sun tara gizagizai masu yawa na shekaru kafin su ce an samu ƙari, kuma har yanzu suna jayayya kan yawansa. Wani maƙwabcinsa da ke wurin ma cewa ya yi mu ne muka janye ruwan ƙauyensu muka kai wa wasu. Na fahimci zafinsa, domin mutumin da ya ga yunwar 1984 ba ya wasa da maganar ruwa.

Na ce, "Kawu, mun taimaka wa girgijen da Allah ya riga ya kawo. Ko da ba mu je ba, mai yiwuwa ya zubar. Kada ku fasa roƙon ruwa, kada kuma ku bar gyaran gandarin duwatsu da ramukan tara ruwa a gona saboda jin ƙarar jirgi."

Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya kira ƙanena ya ce gobe da sassafe a ɗauki haiwa a koma kan ramukan gonar tudu, waɗanda aka bari tun bara.