Kurt Masur da daren 9 ga Oktoba a Leipzig

A nan Sakkwato mun saba ganin shugaban makaɗa yana waƙa da bakinsa, 'yan amshi suna karɓa. A kiɗan gargajiya na Turawa kuwa, jagora ba ya waƙa, ba ya kuma kaɗa komai, sai dai ya tsaya gaban makaɗa masu yawa yana daidaita su da motsin hannu. Wannan ce sana'ar Kurt Masur, Bajamushen da aka haifa a 1927 a garin Brieg, wanda yanzu yake cikin ƙasar Poland.

Daga 1970 zuwa 1996 shi ne ya jagoranci ƙungiyar makaɗa ta Gewandhaus da ke Leipzig, a tsohuwar ƙasar Jamus ta Gabas, kuma yana da faɗa a wurin gwamnatin kwaminisanci, har ta amince aka gina wa ƙungiyar sabon zauren da aka buɗe a 1981. Wasu suna ganin wannan kusanci a matsayin tabo. Ni dai ina ganin da ba don shi ba, da maganarsa ba ta yi nauyi a ranar da aka fi bukatarta ba.

Ranar 9 ga Oktoban 1989, mutane kimanin 70,000 suka fito zanga-zangar adawa da gwamnati a Leipzig, jami'an tsaro suna cikin shiri, jama'a kuma ba su manta da jinin masu zanga-zanga da sojojin China suka zubar a Beijing watanni huɗu kafin nan ba. Masur da wasu mutum biyar, uku daga cikinsu manyan jami'an jam'iyya mai mulki ne a yankin, suka rubuta kira ga kowane ɓangare da ya kai zuciya nesa, a zauna a tattauna. Da muryarsa aka watsa kiran ta lasifikokin birnin. Ba shi kaɗai ya hana harbi ba, domin yawan jama'ar ma ya firgita hukuma, amma dai ba a yi harbin ba, kuma bayan wata guda katangar Berlin, wadda ta raba birnin tsakanin Gabas da Yamma, ta faɗi.

Daga 1991 zuwa 2002 ya jagoranci babbar ƙungiyar makaɗan New York, ya kuma riƙe wasu a Landan da Faris. Ya rasu a Amurka ranar 19 ga Disamban 2015 yana da shekara 88, bayan ya daɗe yana fama da cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki.