Asabar, ranar silin da bangon gidan 'yar tsana

Yau ko tsintsiya ban taɓa ba, abincin dare ma ɗumame muka ci. Tun da na idar da sallar asuba nake kan gidan 'yar tsanar nan na autata.

Wata biyu ke nan da na tsinto shi a wani shagon gwanjo a nan Manchesta. Na katako ne, hawa biyu, ɗaki huɗu, gabansa yana buɗewa kamar kwaba. Mai shi na farko ya manna wa bangon wata takarda mai furanni da ta koɗe ta ɗaɗɗago, sai da na yi kwana uku ina jiƙa ta da ruwan ɗumi ina kankarewa. Da ta fita, sai ga katakon duk tabon gam da ramukan ƙusa. Fenti kaɗai ba zai rufe wannan ba, sai ma ya ƙara tona shi.

A bangon matakalar gidan da muke haya na samo dabara. Tsofaffin gidajen Ingila da yawa an manne su da wata farar takarda mai kauri wadda zanenta ya taso, ana shafa mata fenti a kai, in ya tsufa a sake wani. Anaglypta suke ce mata, tun 1887 ake yin ta, kuma rabin amfaninta ɓoye tsagewar filasta ne. Na ce abin da ya rufa wa babban gida asiri ai zai rufa wa ƙarami. Naɗi guda ya kai mita 10, ni kuwa ko mita ɗaya ta yi mini yawa, amma shagon kayan gini suna barin mutum ya yagi ɗan samfur ya je gida ya gwada. Jiya na yago iri uku.

Biyu daga ciki ba su yi ba, kuma awo ne ya kayar da su. Irin waɗannan gidajen 'yar tsana yawanci ana gina su ne a kan inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, wato komai an rage shi sau 12. Da wannan awon aka yi shahararren gidan 'yar tsanar Sarauniya Meri da ke fadar Winsa, wanda aka gama a 1924, har da wutar lantarki da ruwan famfo a ciki. To ganyen da ke jikin takardar farko inci huɗu ne, a ɗakin 'yar tsana ya zama ganye mai ƙafa huɗu, ya fi ƙofar ɗakin faɗi. Ta biyu ma haka. Ta ukun ce ta dace: ƙananan murabba'ai da layuka masu sarƙewa da juna, kowanne bai fi rabin inci ba. Da na kara ta a bango na leƙa ta taga, gabana ya faɗi, don abin da na gani shi ne zanen soron kakanmu a birnin Zariya.

Daga silin na fara, don in gam ya ɗiga kada ya ɓata bango. Ni da Abbansu muka kifa gidan a kan teburin cin abinci, rufin a ƙasa, silin ya koma daɓe, hannu ya samu sakewa. Na fara shafa wa katakon farin gam na kafintoci da na sirka da ruwa, na bar shi ya bushe, in ba haka ba katako shanye gam yake yi takarda ta ƙi zama. Sannan na yanki tsohuwar jarida daidai kowane silin, da ita na auna. Ɗakunan ba su miƙe sosai ba, rula ba ta gane wannan, jarida ce ke ganewa.

Yankin farko ya lalace. Ina shafa gam na manna nan take, na bi shi da murfin kwalba ina dannawa, zanen ya kwanta ya baje, takardar kuma ta buɗe bayan ta sha ruwa ta yi tattara a kusurwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don samfurin ba yawa gare shi ba. Na biyun sai na shafa gam na ajiye shi wajen minti biyar ya gama buɗewarsa, sannan na ɗora, na riƙa taɓa shi da busasshen soso daga tsakiya zuwa gefe, a hankali kamar mai shafa kan jariri. Da ya bushe na datse gefen da sabuwar reza. Tsohuwar reza yaga takarda take yi.

Na bango kuwa sai da na yi musu fenti a shimfiɗe kafin in manna, don buroshi ba ya juyawa a ɗaki mai faɗin tafin hannu biyu. A nan na daɗe, kuma nan ne daɗin aikin. Na haɗa ja da ruwan ɗorawa da ɗigon baƙi har sai da na samu launin jar ƙasar da aka shafe da makuba. Shafa biyu marasa kauri na yi, don fenti mai kauri cike ramukan zanen yake yi ya kashe shi. Da ya bushe a gefen hita, na tsoma bakin buroshi a farin fenti, na goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, na bi saman takardar sama-sama. Farin ya kama tudun zanen kaɗai, kwarin ya zauna da jansa. Auta tana tsaye a kaina ta ce, "Umma, ya zama na gaske!" Na ba ta buroshin ta yi bango ɗaya da kanta. Nata ya fi nawa fari, haka kuma zan bar shi.

Yarinyar nan a nan aka haife ta, sau ɗaya ta je gida, tana goye. Ni da karan dawa muka yi tamu 'yar tsanar, ɗakinta kwalin sukari, jerenta marafan kwalba. Ba ta san zanko ba, ba ta san ɗaurin guga ba, ba ta taɓa ɗaga kai a zaure ta ga azara a jere ba. Na sha ba ta labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'ar Zariya, tana ji kamar tatsuniya. Yau da yatsanta ta bi zanen tana tambayata sunansa.

Kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Bayan magariba na kira Hajiya ta bidiyo, na zura wayar cikin ɗakin ƙasa. Ta yi shiru tana kallo, sannan ta ce a kira mata kishiyarta. "Ke, wannan ɗakin amarya ne ko na uwargida?" Auta ta ce na Kaka ne. Hajiya ta yi dariya har da tari, ta ce to in nata ne bai cika ba, ina tasar da ake kafawa a tsakiyar rufi? Wallahi na manta da ita, alhali a ƙarƙashin irinta na girma.

Na zazzage gwangwanin maɓallai, muka samu wani na ƙarfe mai ruwan zinariya daga tsohuwar rigar sanyin Abbansu. Auta ta ɗiga gam, ni na saita shi a tsakiyar silin. Yanzu ƙarfe goma ta wuce, gidan yana nan a kife a kan tebur, na danne maɓallin da kwalbar turare. Saura ɗakuna biyu na sama, takardar kuma ta ƙare, sai Litinin in na taso daga aiki in biya shagon.