Kawuna da gudumarsa

Tun ina yaro abin da na sani game da kawu shi ne aikin dutse yake. Haka Inna ke cewa in an tambaye ta, "ai ƙanena aikin dutse yake can Yamai", ni kuma sai in ɗauka irin masu fasa tsakuwar nan ne da muke gani bayan gari, sai dai shi nashi da mota. Sai da na kai lise na gane jiyoshimi ya karanta, wato ilimin sinadaran da ke cikin duwatsu, kuma fiye da shekara talatin ya yi yana bin abu guda: duwatsun da suka taɓa zama narkakku a cikin ƙasa, da yadda ma'adinai ke taruwa a jikinsu.

Bana ya zo Damagaram bikin ƙanwata, ya aje aiki yanzu, gashi duk ya yi fari amma gudumar nan tana cikin jakarsa kamar carbi. Ran da aka gama biki da la'asar ya ce min, ɗana tada moto ka kai ni duwatsun Birni. Ni dai dariya ta kama ni, na ce Kawu duwatsun da muka tashi muna hawa muna yaga wando, me za ka gani a can? Ya ce kai dai mu je.

Da muka isa bai kalli manyan ba ma, wani ɗan guntu ya fasa ya miƙo min da ɗan madubinsa na aljihu, ya ce duba ciki. Wallahi shekaruna duka a garin nan ban taɓa duba cikin dutse ba, daga waje duk kala ɗaya ne, amma sabon fashi sai ka ga ƙwayoyi-ƙwayoyi, wasu kamar gilashi, wasu fari-fari ko ja-ja, wasu baƙaƙe. Ya ce wannan shi ne garanit, kuma tunda ido na iya ganin ƙwayoyin to a hankali ya huce, can ƙasa sosai inda zafi ba ya saurin fita. Wanda aman wuta ya watso waje nan da nan yake sandarewa, ƙwayoyinsa ba sa samun lokacin girma. Ke nan inda muke tsaye ɗin nan da can cikin ƙasa ne, ruwa da iska suka yi ta cin abin da ke bisa har ya fito fili.

Daga nan fa ya shiga abin da ya ci rayuwarsa. Ya ce ƙasan Damagaram da Muniyo tsohon dutse ne mai kusan shekara miliyan 600, sai daga baya wasu sababbin garanit suka huda shi suka fito a zagaye kamar zobe, akwai nan Zinder akwai wajen Gure. Kuma ba mu kaɗai ba ne, layi ne guda tun daga Azbin har Jos a Najeriya. Na Azbin sun haura shekara miliyan 400, namu wajen miliyan 300, na Najeriya kuma daga wajen miliyan 200 zuwa 140 da ɗan wani abu, wato kana gangarawa kudu suna ƙara yarinta. A Azbin ɗin ma akwai wani zobe da ake ce ma Meugueur-Meugueur, faɗinsa kilomita 65, yana cikin mafi girma a duniya. Kawu ya ce ranar da ya fara ganinsa a hoton sama bai yi barci ba. Ni dai na yi shiru, kowa da abin da ke hana shi barci.

Na ce to Kawu wa ya ƙirga shekarun nan, akwai wanda ke wurin? Ya ce akwai, zirkon. Wata ƴar ƙwaya ce ƙarama ƙwarai a cikin garanit, lokacin da take haɗuwa tana karɓar uraniyom amma ba ta yarda da dalma, to shi uraniyom a hankali yake rikiɗa ya koma dalma, kuma an san saurinsa, irin wanda ya fi yawa sai ya yi kusan shekara miliyar 4 da rabi kafin rabinsa ya juye. In ka auna nawa ya rage nawa ya juye, ka samu ranar haihuwar dutsen. Faɗi da baki ba wuya, amma aikin sai ka kwaso dutse buhu-buhu daga daji, a farfasa, a niƙa, a tankaɗe kamar mai shirin tuwo, ka zauna gaban madubi kana tsince ƙwaya ɗaya-ɗaya har wuya ya ƙage. Wani kuma a yanka shi a goge har ya koma milimita 0,03, ya fi gashin kai siriri, haske na ratsa shi, sannan a gane ma'adinan da ke ciki.

Wurin da ya fi min daɗi shi ne da ya zo kan yadda kuza ke taruwa, don da abin da na sani ya yi min misali. Ya ce ka taɓa ganin tafkin kanwa da rani? Ruwa na janyewa, wanda ya rage yana ƙara kauri da ɗaci. To narkakken dutse ma haka, yana hucewa ma'adinan farko na daskarewa, amma akwai sinadaran da ba sa samun wurin zama a cikinsu, irin kuza da niyobiyom da uraniyom, sai su yi ta taruwa a ragowar ruwan ƙarshe, shi kuma ya bi tsagogi da zafinsa ya zube su a nan. Shi ya sa aka yi ta haƙar kuza a Jos, aka kuma haƙa a El Meki da Tarwaji can Azbin. Na Arlit kuwa labarinsa ya ɗan bambanta, uraniyom ɗin a cikin dutsen rairayi yake, masana da yawa na ganin daga duwatsun Azbin da tokar aman wutarsu ruwa ya wanko shi, ya yi ta tafiya da shi har ya tarar da wuraren da ragowar tsirrai suka ruɓe, nan ya zauna. Kamfanin haƙa na SOMAIR ya fara fitar da shi a 1971, kamfanin COMINAK na Akuta a 1978, shi an rufe shi a 2021.

Abin da ke ci masa rai bai ɓoye ba. Na'urorin auna zirkon ɗin nan ba mu da su, dole ya aika samfurinsa Turai ya jira wata da watanni, wani lokaci sai ya nemi wani bature ya sa sunansa a aikin kafin a duba. Akwai shekarar da kwali guda, aikin wata biyu cikin rana da ƙishirwa, ya ɓace a hanya, har yau in ya tuna sai ya girgiza kai. Ni a ganina wannan abin kunya ne, ƙasar da ta yi shekara hamsin tana fitar da uraniyom a ce ɗanta sai ya roƙi wani ya auna masa dutsen bayan gidansu.

Sai kuma jama'a. Tun da aka samu zinariya a Jado a 2014 samarinmu suka yi ta tafiya arewa, kawu bai ƙara hutawa ba, duk zuwan da zai yi sai an biyo shi da ƙulli a leda. Wannan karon ma wani abokina na fada ya kawo wani dutse mai ƙyalli, yana ta raɗa kamar ya sato. Kawu ya ɗora a ƙasa ya ɗan buga, abu ya watse ya zama gari. Ya ce yaro wannan pirit ne, ƙarfe ne da farar wuta, zinariya in ka buge ta lanƙwasa take ta baje, ba ta fashewa. Abokin nawa bai yarda ba fa, da muka fito ya ce min kawunka so yake ya san wurin.

Da dare muna tsakar gida ina ba Inna labarin miliyan 300, ita tana lissafin bido nawa aka sayo daga ƴan ga-ruwa saboda baƙin biki, pampo kwana uku ko ɗigo. Ta ce wa kawu kai da ka san cikin dutse haka, me ya hana ka nemo mana ruwa? Kawu ya ce Yaya ai dutsen ne matsalar, garanit ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa da ɗan saman da ya ruɓe, shi ya sa tun daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram ake jawo mana shi, kuma rashin ruwan nan na cikin dalilan da ake lissafawa na mayar da babban birni Yamai a 1926. Inna ta ce to an ji, karatun shekara talatin ya ƙare a "babu".

Guntun da ya fasa a Birni ya bar min, ya rubuta lamba a jiki da jan fenti yadda ya saba, ya ce in aje. Na ɗora bisa tebur a ɗakina, jiya na neme shi na rasa, ashe Inna ce ta ɗauka ta tokare ƙofar kicin da shi.