Ranar da muka kai wa Dobby safa

Mu uku ne 'yan Najeriya a ajinmu a birnin Kadif na Wales, kuma duk mun taso da littattafan Harry Potter. A labarin, ranar 2 ga Mayun 1998 aka gwabza yaƙin Hogwarts, makarantar matsafan labarin, inda Fred Weasley da Remus Lupin da matarsa Tonks da wasu kimanin hamsin suka mutu. Masoya labarin ba sa barin ranar ta wuce haka nan. Ita kanta marubuciyar, J.K. Rowling, ta yi 'yan shekaru tana ba da haƙuri a Twitter duk ranar kan waɗanda ta kashe a labarin: a 2015 kan Fred, a 2016 kan Lupin. To mu ma sai muka ce bari mu yi namu.

Hogwarts dai babu ita a taswira, amma kabarin Dobby, ɗan aljanin da ya yi bauta a labarin, yana nan a gaɓar tekun Freshwater West da ke yammacin Wales, inda aka ɗauki mutuwarsa a fim ɗin da ya fito a 2010. Shi bai ma kai ga ranar yaƙin ba, amma rikicin da ya kai ga yaƙin ne ya ci shi. Muka sayi safa ƙafa uku, tunda da safa ya samu 'yanci, muka haɗa da kyandir.

Kyandir ɗin asarar kuɗi ce kawai. Iskar wurin ko ashana ba ta bari ta kama.

Kabarin kuwa tarin duwatsu ne a kan tudun yashi, an yi musu fenti, wasu an rubuta sunansa, wasu an zana kunnuwansa. Safa ga su nan birjik, ruwa ya jiƙa su, yashi ya binne rabinsu, wata 'yar ƙarama ta jariri. Ina shirin ajiye tawa wata dattijuwa mai yawo da kare ta ce mini a hankali, ai tun 2022 National Trust, masu kula da wurin, suka roƙi a daina, domin safa da ɓarɓashin fenti teku suke shiga su cutar da halittun ruwa. Hoto kawai aka yarda a ɗauka. Kunya ta kama ni, na cusa safata a aljihu. Da mun bincika kafin mu taso da ba mu sha wannan ba.

Ita ce kuma ta nuna mana wani dutsen tunawa da muka wuce ko kallo bai ishe mu ba. A watan Afrilun 1943 jiragen ruwan sojan Birtaniya biyu suka nutse a gaban wannan gaɓar saboda hadari, mutum fiye da 70 suka halaka. Babu kowa a gabansa. Mun fi daɗewa a nan, ba wanda ya ce uffan.

Da dare na kira Umma na ba ta labari. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Wato aljani kuka je wa ta'aziyya?” Na ce, “A'a Umma, tuna shi kawai muka yi, ko Fatiha ba mu yi ba.” Ta ce to madalla, amma in ina da ƙarfin zirga-zirga haka, ɗiyar Baba Ƙarami ta rasu sati biyu ke nan, ko waya ban buga ba.

Na kira shi a daren. Safar kuma ita nake sawa yanzu in sanyi ya matsa.