Haruffa huɗun nan na ough da wahalar da suke ba mu

Duk wanda ya zauna jarrabawar WAEC ya san takardar Test of Orals, wadda za a ba ka kalma a ce ka zaɓo mai sauti irin nata daga A zuwa D. Akwai wasu haruffa huɗu da masu shirya tambaya ke ji da su, o-u-g-h, don sun san yaro ido yake bi ba kunne ba. Sai su ba ka though, a ƙasa su jero tough, through, cough da go, kai kuma hankalinka na kan ukun farko tunda duk kamarsu ɗaya, alhali amsar ita ce go ɗin can da ko kama ba su yi ba.

Mu da muka tashi da rubutun boko abun yana mana ciwo sosai, don a Hausa kusan abin da ka gani shi za ka furta. To turanci ba haka yake ba, kalmomin ough anko kawai suka yi irin na biki, kaya iri ɗaya amma kowa da gidansu.

Tough, wato abu mai tauri ko mai wuyar sha'ani, da rough mai kaushi ko hanya mai gargada, da enough wato ya isa, duk da f suke ƙarewa, taf, raf, inaf. Cough tari ne, shi ma f ne a ƙarshe amma wasalin ya koma o, kof, haka ma trough, abin da ake zuba wa dabbobi ruwa ko dusa a ciki. Sai though mai nufin ko da yake, da dough, kwaɓaɓɓiyar fulawar da mai burodi ke murzawa, su babu f ko kaɗan, da go suke tafiya, kuma in ka ji ɗan Amurka ya ce ba shi da dough to ba fulawa yake nufi ba, aljihu ne ya bushe. Through, ratsawa ta cikin abu, da too take tafiya. Plough garma ce ko yin huɗa, bough babban reshen bishiya, su kuma da now. Drought wato fari, da out, kuma wannan kam har manyan 'yan boko na sha jin suna ce mata drot ko draft a bainar jama'a.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce hiccough, shaƙuwa. Hikap ake cewa, da p, asalin rubutunta ma hiccup ne, wasu ne can baya suka ɗauka wai tana da dangantaka da cough suka liƙa mata ough ɗin babu gaira babu dalili.

Abin da ba a cika faɗa mana a aji ba shi ne wannan gh ɗin a da ana furta shi. Sauti ne na maƙogwaro, kusan irin harafin خ da alaramma ke fitarwa in yana karatu, bayan harshe ya matso sama iska na gogawa. Jamusanci har gobe yana da shi, daughter su Tochter suke cewa, night kuma Nacht, through kuma durch. Turawan Ingila ne suka yar da sautin a hankali, a wasu kalmomin ya koma f a wasu ya ɓace gaba ɗaya, kuma daidai lokacin, tsakanin 1400 da 1700, dogayen wasulansu ma suna ta sauya wuri. Ana cikin haka William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya baki kuma yana ta tafiyarsa, ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya zo ya ƙara danne shi. Shi ya sa yau muke rubuta furucin mutanen da suka mutu shekaru ɗaruruwa.

Ta fuskar ma'ana kuwa ough ba ta ɗauke da komai, ba kamar tele ba da in ka gan ta a telephone ko television ka san akwai maganar nisa. Wuri biyu ne kawai na ga kamar tana da amfani. Through da thorough asalinsu kalma ɗaya ce, wanda ya yi aiki thorough ya ratsa shi ne tun daga farko har ƙarshe bai bar lungu ba. Sai kuma masu t a ƙarshe, ban da irin su drought, wato thought, bought, brought, fought, sought, duk sauti ɗaya kuma duk aikin da ya wuce ne, ya yi tunani, ya saya, ya kawo, ya yi faɗa, ya nema. Nan matsalar ba furuci ba ce, bought da brought ne ake ta cakuɗawa a WhatsApp, r ɗin nan ta brought daga bring ta fito, ka riƙe wannan kawai.

Ni dai a ganina ɓata lokaci ne a sa yaro ya haddace su a jere kamar karatun allo, gara kowace ya haɗa ta da ƙaramar kalmar da ya riga ya sani, though da go, through da too, plough da now, tough da stuff, cough da off.

Amurkawa sun ɗan rage wa kansu aiki, plow suke rubutawa, a allunan shaguna kuma za ka ga donut da thru. Su kuwa 'yan Ingila ko a jikinsu, suna da gari mai suna Slough da ke tafiya da now, da wani mai jami'a wai shi Loughborough, ough biyu a suna ɗaya kuma kowace da sautinta, Lafbara ake ce masa.