Inda na kwana a batun ajiyar reza tsakanin aski da aski

'Yan'uwa masu koyon aski da askar ƙarfe mai ɗaukar reza mai baki biyu, hannuna ya fara faɗawa, yankan haɓa ma ya ragu. Yanzu hankalina ya koma kan halin da rezar ke ciki a kwanakin da ba a taɓa ta ba. A ganina, ruwan da muke barin ta da shi yana cin kaifinta fiye da yadda muke zato.

Ku fara sanin irin ƙarfen da ke hannunku. Tun daga 1904, lokacin da King Camp Gillette ya sami takardar mallakar ƙirarsa a Amurka, da baƙin ƙarfe ake yin reza, kuma ta kan yi tsatsa idan ta kwana a jiƙe. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da ta ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, sauran kamfanoni suka bi sahu. Derby ta Turkiyya, Shark ta Masar da Feather ta Japan da aka fi sani duk wannan sabon ƙarfen ne, amma Treet na Pakistan har yau yana buga ta baƙin ƙarfe. Mai amfani da wannan, kulawarsa ta fi ta kowa yawa.

Da na gama aski sai in ɗan sassauta mariƙin, ba tare da na warware kan gaba ɗaya ba, in bar ruwa ya ratsa tsakanin rezar da murfinta. A nan ne kumfar sabulu da guntayen gashi ke maƙalewa, su bushe su zama wani farin dauɗa mai riƙe danshi. Sai in girgiza ta sosai, in tsoma kan a ɗan kwalbar sifirit. Sifirit yana korar ruwa, kuma nan da nan yake bushewa. Wanda ruwan rijiyarsu ke da zartsi zai fi kowa ganin amfaninsa, don irin wannan ruwan yana barin farin tabo a bakin rezar idan ya bushe da kansa.

Tawul kuwa na hana shi kusantar bakin. Rezar zamani ana shafa mata wani siririn rufi na PTFE, irin na kaskon suyar da abinci ba ya kamawa, shi ke sa ta sulɓi a kan fata. Goga tsumma a tsawon bakin yana iya kankare shi, yana kuma iya raba ka da fatar yatsa. In dole sai an busar, a ɗora ta a kan tsumma a danna gefenta a hankali, kada a ja.

Banɗaki ba wurin kwananta ba ne, musamman da damina. Tawa tana tsaye cikin kofi a saman kantar ɗaki, kai sama, inda yara ba za su kai ba. Ta baƙin ƙarfe ina ɗiga mata man shafa na jarirai. Man gyaɗa ban yarda da shi ba, yana yin danƙo.

Duk wannan ba zai sa reza ta dawwama ba. A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun wallafa a mujallar Science cewa gashi, duk da laushinsa, yana ɓantarar bakin reza kaɗan-kaɗan, musamman idan ya lanƙwashe ya same ta a karkace. Ɓantarar da ta riga ta faru babu busarwar da za ta mayar da ita. Shi ya sa ban damu da masu cewa a wasa ta a tafin hannu ko a wandon jins ba. Askar wanzami mai kauri ce, don wasawa aka ƙera ta. Ita kuwa reza kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin 10 na milimita ba. Da ta fara jan gashi maimakon yanka, ta gama aiki.

Sababbi su zauna cikin takardarsu mai kaki har ranar da za a ɗaura su. Tsofaffi kuma ina zura su a gwangwanin madara da na tsaga wa baki kamar asusu, idan ya cika a liƙe shi kafin a kai bola. Aro babu shi, ko tsakanin wa da ƙane: ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa kwana 7 ko fiye a busasshen jini.

Abin da ya rage in gwada shi ne hunturu. Ina so in ga ko bushewar iska kaɗai za ta wadatar da ta baƙin ƙarfe ba tare da mai ba.