Yadda bulo mai rami ya fasa mini madubi

Madubin ƙafa 4 ne a ƙafa 6, kaurinsa milimita 6. Gilashi mai wannan kauri kowane murabba'in mita yana da nauyin kilo 15, ke nan gilashin kaɗai ya haura kilo 32, ban da firam ɗin katako. Abin takaicin shi ne sai bayan ya tarwatse na zauna na yi wannan lissafi.

Na huda bangon falo injin huda yana kan hama, wato yana juyi yana duka, na cusa gajerun fisha guda 2, robar nan da ake sawa a rami don ta riƙe sukuru, na ɗaure sukuru, na rataya madubin da waya. Bai cika mako biyu ba, iska ta bugo ƙofa, sai ga shi a ƙasa.

Da na duba ramin na ga abin da ya faru. Bulon namu mai rami ne, kuma yashi ya fi siminti yawa. Dukan hama ya farfashe bayan fatar bulon ya zube ciki, sai ya zama filasta ce kawai ke riƙe da fishar, ita kuwa filasta kaurinta bai kai santimita 2 ba. Tun ina hudawa na ji bakin injin ya zurma gaba ɗaya, garin da ke fita kuma tsabar yashi ne. Alamar ke nan, na gani na wuce. Har yau abin yana ci mini rai.

A karo na biyu sai da na ƙwanƙwasa bangon da ƙotar guduma. Inda ya yi amo kamar ganga rami ne, inda sautin ya mutu nan ne haƙarƙarin bulo, wato inda babu rami. Na kashe hama, na huda a hankali da baki mai milimita 10, na hure ƙurar, na sa dogayen fisha masu santimita 8 da na sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Idan fisha ta shige ba tare da ɗan bugun guduma ba, ramin ya yi faɗi, a canza wuri, kada a cusa mata tsinken ashana.

Waya kuma na daina ratayawa da ita. Kafinta ya tsaga mini katako a karkace, digiri 45. Rabi na ɗaure a bango da sukuru 4 bayan na daidaita da filam, ma'aunin daidaito na magina, rabi a bayan firam, suka hau juna. A ƙasa na ƙara ƙarfe mai kusurwa guda 2 da madubin ke zaune a kai. Kafin a ɗora, na rataye jikina a katakon, bai motsa ba.

Kada a huda saitin soket ko makunni, sama ko ƙasa, nan bututun wayar lantarki ke bi. Masu ginin ƙasa a cikin birni kuwa, fisha ba ta kama tubali ko kaɗan, gara madubin ya zauna a ƙasa a ɗaure kansa da bango don kada ya kife.